Ina zan kai Baba ya sake ganin jirgin kwal?

Ɗan Kwatas (Sabon Gari, Zariya):

Assalamu alaikum. Shawara nake nema a wurinku, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayanin don a gane inda na dosa.

Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekarunsa sun haura tamanin. A wani ƙauye kusa da Dutsen Wai aka haife shi. Ya shigo Zariya yana saurayi jim kaɗan bayan samun mulkin kai, ya fara da kwasar toka da goge kan jirgi a loko, wato wurin da ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, aka ɗaga shi ya zama mai zuba kwal, daga baya ya zama direba, har ya ajiye aiki a zamanin dizal. Yawancin tafiyarsa tsakanin Zariya da Kano ce, sai kuma layin Funtua da Gusau har Ƙauran Namoda. Mu duka a kwatas ɗin reluwe muka tashi.

Tun da mahaifiyarmu ta rasu, Allah ya jiƙanta, Baba ya rage magana ƙwarai. Daga masallaci sai buzunsa a zaure, sai rediyo. Lafiyarsa lau in ban da gwiwa da hawan jini, amma hira ta ƙaurace masa. Kwanakin baya babban ɗana ya nuna masa wani bidiyo a waya, na jirgi mai tururi a wata ƙasa yana hawan tudu, fasinjoji sun leƙo ta taga. Baba ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya ce mai wutar nan ya san aikinsa, dubi hayaƙin bai yi baƙi ba, ba ya ɓarnar kwal. Daga nan fa bakinsa ya buɗe. Har aka kira isha'i yana ba yara labarin yadda ake tsayawa shan ruwa a tashoshi, da yadda shebur ke cin tafin hannu a watannin farko. Rabon da in ji muryarsa haka tun kafin rasuwar.

Shi ne muka yi magana da ƙanwata da ke aure a Kano da ƙanena, muka ce mu haɗa abin da ya sawwaƙa mu fitar da shi shan iska a wani ƙarshen mako, mu bar gari mu shiga karkara, in da hali ya hau jirgin kwal ko da na tafiyar awa ɗaya ce. Ni malamin sakandare ne, ba wani ƙarfi gare ni ba, amma wannan abu ya tsaya min a rai.

Tambayata: akwai inda jirgin kwal yake ɗaukar masu yawon buɗe ido a Nijeriya yanzu? In babu, ina ne mafi kusa? In duk ba za su yiwu ba, me kuke ganin zai maye gurbinsu ga tsoho irinsa? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Abu Samaru (yana karatu a Ingila):

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya.

Amsar farko ba mai daɗi ba ce: a Nijeriya babu layin da jirgi mai tururi yake ɗaukar fasinja yau. Amma irin abin da kuka gani a bidiyon na taɓa hawa, bari in ba ka labarinsa don ka auna.

A arewacin Ingila, ba nisa da birnin York, akwai layin da ake kira North Yorkshire Moors Railway. Yana tashi daga wani ɗan gari, Pickering, ya ratsa daji da tsaunuka mil 18 zuwa Grosmont, wasu jiragen su zarce mil 6 zuwa Whitby a bakin teku. Tsohon layi ne, tun 1836 aka buɗe shi, dawakai ne ma suka fara jan taragun. Aka rufe shi a 1965 lokacin da gwamnatinsu ta yi ta soke layukan da ba sa kawo riba, mutanen yankin suka kafa ƙungiya, suka sake buɗe shi a 1973. Mun je da iyalina ranar Asabar a watan Agusta, muka kwana a wani ƙaramin masauki a Pickering. A wannan watan ciyawar tsaunukan take fure, ko'ina ka duba shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, tumaki suna kiwo ba makiyayi, a ƙauyen Goathland har bakin shaguna suke kwanciya.

Taragun na da ne, an gyara su fes, tashoshin ma an bar su da fentinsu da fitilunsu na zamanin baya. Inda Baba zai fi so shi ne tsakanin Grosmont da Goathland, domin hawa ne mai tsanani, duk taku 49 layin yana ɗagawa taku 1. A nan za ka ji kan jirgin yana huci da dukkan ƙarfinsa, ƙurar kwal na shigowa ta taga. A Grosmont ana bi ta wani ɗan rami da ƙafa a fita wurin da suke gyaran kawunan jirgi, ka tsaya ka ga ana aiki. A Whitby kuwa kifi da dankali ne abincin garin, don haka ba mu sha wahalar neman halal ba. Washegari muka biya ta gidan tarihin jiragen ƙasa na York, shiga kyauta ne, a can Mallard yake, kan jirgin da ya yi gudun mil 126 a awa a 1938, har yau ba mai tururin da ya wuce shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba jirgin ba ne, mutanen ne. Da yawa daga cikin masu duba tikiti, masu ba da hannu, har da masu zuba kwal, 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko sisi. Ka ga dattijo da furfura, fuska duk baƙin kwal, yana koya wa yarinya 'yar jami'a yadda ake karanta ruwan tukunya. Tun 1951 suka fara wannan al'ada da wani ƙaramin layi a Wales mai suna Talyllyn, wato tun kafin hukumar jiragensu ta daina aiki da tururi a 1968 wasu sun riga sun fara tanadi. Su ma suna fama, domin mahaƙan kwal na ƙasar sun rurrufe, sai sun sayo daga waje da tsada, kuma in bazara ta yi fari sukan sa dizal don gudun gobarar daji.

To amma gaskiya, ban ba ka shawarar kawo Baba nan ba. Biza, kuɗin jirgin sama, zaman sama da awa shida daga Abuja zuwa Landan, sannan wata tafiyar zuwa arewa, ga sanyi ko a lokacin da suke kira zafi. Wannan ya wuce hutun ƙarshen mako, kuma ya yi wa mai shekara tamanin yawa. A nahiyarmu akwai Umgeni Steam Railway kusa da Durban a Afirka ta Kudu, faɗin layinsu ma daidai da tsohon namu ne, ƙafa 3 da inci 6, amma shi ma biza ce da jirgin sama. Ka saurari abin da na gida za su ce tukuna.

Tsohon Makanikin Loko (Tudun Wada):

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta min wannan, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Yadda ka kwatanta mahaifinka, da wuya a ce ba mu haɗu a loko ba, domin ni ma a can na ƙare ƙuruciyata, sai dai ni a ɓangaren gyara nake. Su suna fita da jirgi, mu muna jiransu su dawo da shi mu ga abin da suka yi masa.

Bari in gaya maka abin da ya sa maganar take motsa shi. Dizal ana murza shi ya tashi. Jirgin kwal kuwa kamar doki yake, sai ka ciyar da shi, ka shayar da shi, ka san halinsa, kuma ba biyu da halinsu ya zo ɗaya ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. In kan jirgi ya huce, awoyi ake ɗauka ana hura masa wuta sannu a hankali, in ka gaggauta ƙarfen tukunyar ya saki. Mai zuba kwal idonsa ɗaya a kan wuta, ɗaya a kan gilashin ruwa, domin in ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, to rayukan mutane ne. Kwal ɗin ba jibga shi ake yi ba, watsa shi ake yi kaɗan-kaɗan, kusurwa-kusurwa, jirgi na tafiya yana jijjiga ka, ga zafin wuta a gaba, ga zafin watan Afrilu a baya. Tun kafin a iso hawa zai shirya wutarsa, ba sai an iso ba. Wanda ya yi wannan shekaru, jikinsa ba ya mantawa. Manyan kawunan da muka fi yi wa aiki su ne waɗanda aka kawo daga Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu, kowanne da sunan wani kogi a jikinsa. Ka tambayi mahaifinka wanne ne nasa, za ka ji labari.

Kwal daga Inugu yake zuwa. Dizal ya fara shigowa tun 1955, amma abin da ya karya jirgin kwal shi ne yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, da hanyar kwal ta yanke. Bayan yaƙi bai sake komawa yadda yake ba, cikin shekarun 1970 ya yi ta ja da baya har ya ƙare. Yawancinsu an yanka an sayar a matsayin ƙarfe. Ina gani da idona, kuma har yau abin yana min ciwo.

Yanzu ga shawarata. Ka ce a wajen Dutsen Wai aka haife shi. To ai jirgin da ya fara gani a duniya ba babban ba ne, ƙaramin jirgin Jos ne, wanda Turawa suka kira Bauchi Light Railway. Yaran yanzu ba su san an yi shi ba. Dogo ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, da gumin talakawan da aka yi ta kamawa aikin diga. Shi ya haifi Sabon Gari, shi ya kawo injin gurzar auduga na Bisije, kamfanin auduga na Turawa. Ana gama wannan sai Turawan kuza suka matsa a kai musu layi, aka ja ƙarami daga Zariya, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, mil 143. Ta Soba yake bi, da Dutsen Wai, da Kudaru, da Rahama, da Jengre, sannan ya hau dutse zuwa Jos. Wuni guda ake yi a hanya. Da aka kai babban layi Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta koma can, ƙaramin ya rage sai fasinja da kayan gona, har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafan.

Hanyar motar Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa da Saminaka kusan sawunsa take bi. Ka sa mahaifinka a gaban mota, kada ka yi gudu, duk inda ya ce tsaya ka tsaya. Shi zai nuna maka inda tasha take da inda ake shan ruwa, abin da kai za ka wuce ka ce gona ce. In kun isa Jos ku je gidan tarihi, kusa da gidan namun daji, an ajiye abin da ya rage na wannan ƙaramin jirgi a wurin. Ba ya tafiya, ba wuta a cikinsa, amma zai ɗora hannu a kansa. Ni a ganina wannan ya fi masa jirgin wata ƙasa da bai taɓa zuba wa kwal ba.

Ka gaishe shi, ka ce wani na loko yana gaisuwa.

Maman Hanifa (Kofar Doka):

Sannunku. Baba na Tudun Wada ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni nawa na mata ne, na hidimar tsofaffi, don ni na yi jinyar surukina.

Yayana, kada zumuɗi ya sa ku yi masa Jos a tashin farko. Mutumin da ya saba daga zaure sai masallaci, ka ɗauke shi sama da kilomita 200 a mota, gwiwar nan za ta kumbura, ya dawo ya kwanta, kowa ya ji ba daɗi. Ku fara gwada shi da na kusa. Wata Asabar ku kai shi tashar Sabon Gari ya zauna a inuwa ya kalli wurin, da la'asar ku fita wajen Wusasa gindin Kufena ko bakin dam na Shika, a shimfiɗa tabarma a sha fura. In ya dawo da ƙarfinsa, sai a sa ranar babbar tafiya.

In za ku Jos, ku bari sai kaka, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, daji bai bushe ba, masara ta cika kasuwar Saminaka, kuma sanyin Jos bai kankama ba. Disamba da Janairu kam a'a, garin yana kan tudu, sanyinsa ba irin na Zariya ba ne. Ko a kakar ma ku tafi da bargo da rigar sanyi da safa. Maganin hawan jininsa a aljihunka, ba a cikin jaka a but ba. Ku yi masa abincinsa daga gida mai ƙarancin gishiri, dambu ko tuwo a kula, da ruwan zafi a fulas saboda alwala. Masauki a nemi ɗaki na ƙasa, ba mai matakala ba.

Sai maganar hanya. Da rana kawai, ku fita bayan gari ya waye sosai, ku isa kafin la'asar, kuma da safen ku tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana. Na san zuciyarsa za ta ja shi wajen Gusau da Ƙaura tunda can ya yi aiki, amma kowa ya san halin da hanyar Funtua zuwa Tsafe take ciki, kada ku biye masa.

Abu na ƙarshe, ku tafi da yaron nan da ya nuna masa bidiyo, ya riƙa ɗaukar muryarsa a waya. Tsofaffi sun fi sakin jiki da jika a kan ɗa. Surukina abin da bai taɓa gaya wa mijina ba, ya gaya wa Hanifa tana tsefe masa gemu.

Injiniya na Gobe (Samaru):

Ni ɗalibi ne, a yi min afuwa in na shiga maganar manya. Me zai hana a kai Baba Rigasa ya hau na Abuja? Tun 2016 yake aiki, kilomita 186 zuwa Idu, da sanyaya ɗaki da kujera mai laushi, daga Zariya zuwa Kaduna kuma ba nisa. Ba kwal ba ne, amma dai jirgi ne mai tafiya, zai ga yadda sana'arsa ta koma. In kuma akwai mai zuwa Legas, a harabar reluwe ta Ebute Metta akwai Jaekel House, gini ne na 1898 da wata ƙungiya mai suna Legacy ta gyara ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa, da hotuna da kayan aiki na da.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda Malam Abu ya faɗa na 'yan sa-kai. Zariya mahaɗar layuka ce, na Kano, na Ƙaura, da na Jos a da. Muna da cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa a garin nan, muna da tsangayar injiniya a jami'a, muna da tsofaffi irin su Baba biyu da suke wannan zance. Ga sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 zai bi ta nan, faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato in ya fara aiki tsohon layin zai ƙara zama maraya. Tayar da jirgin kwal abu ne mai tsada, na yarda, tukunya kaɗai sai ƙwararru. Amma ɗaki ɗaya a tsohuwar tasha, da hotuna, da fitilar ba da hannu, da shebur, da muryoyin waɗanda suka yi aikin, wannan bai fi ƙarfinmu ba. In akwai masu so, ni da abokaina muna da kyamara.

Ɗan Kwatas (Sabon Gari, Zariya):

Jama'a, ban san da bakin da zan gode muku ba. Allah ya saka da alheri.

Jiya bayan magariba na zauna na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, tun daga na Malam Abu. Ya saurari labarin Ingila da kyau, ya sa na maimaita masa wurin hawan nan, ya ce taku 1 cikin 49 ba wasa ba ne, mai wutar zai sha ruwa. Da na zo inda ake cewa ba a biyan masu aikin, ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da za a kunna ɗaya a loko gobe, zai je ya yi musu kyauta in dai gwiwa za ta bar shi ya hau. Zuwa can kuwa ya ce a'a tun kafin in tambaya, wai kuɗin a ƙara a na makarantar yara.

Na Rigasa, ƙanena Injiniya, ya riga ya hau. Mun kai shi asibiti Abuja da shi a shekarun baya. Ya yaba saurin, ya yaba tsabtar, amma tunda aka rufe ƙofa ya yi barci har Kubwa. Ya ce jirgin da ba ka jin numfashinsa ba abin da za ka saurara. Maganar ɗakin tarihi kuwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. A gidanmu kaɗai akwai hularsa ta aiki, da fitila mai gilashi ja da kore, da wani littafin dokokin aiki da ya sha hannu. Na tabbata gidaje da yawa a Sabon Gari da Tudun Wada suna da irinsu a ƙarƙashin gado, kuma ranar da tsohon ya tafi, 'yan gwangwan ne ke gadonsu.

Amma saƙon Baba na Tudun Wada shi ne ya tayar da shi zaune. Ranka ya daɗe, da na ambaci ƙaramin jirgin Jos sai ya karɓe zancen daga bakina, ya jero tashoshin da kansa, har da waɗanda ba ka faɗa ba. Ya ce yana yaro kakarsa takan aike shi tasha da ƙwaryar gyaɗa dafaffiya, in jirgin ya tsaya shan ruwa ya bi tagogi yana sayarwa, kuma a wurin ne ya fara ganin mutum a tsaye gaban wuta da shebur, ya ce a ransa wannan aikin zai yi. Sau ɗaya ya hau shi, zuwa Zariya, shekarar da za a rufe. Wallahi ni ɗansa ban taɓa jin wannan ba sai jiya. Na tambaye shi sunan kogin da ke jikin nasa kan jirgin kamar yadda ka ce, ya yi dariya ya ce wannan sai ya ga mai tambayar ido da ido.

Ga yadda muka tsayar. Shawarar Maman Hanifa za mu bi, Allah ya biya ki, har matata ta ce a gaya miki maganar ɗaki na ƙasa ba ta zo mata ba sai da kika faɗa. Asabar mai zuwa tasha da Kufena. In ya jure, farkon Nuwamba mu kama hanyar Jos, amma a raba ta biyu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu tafi Dutsen Wai, akwai 'ya'yan ƙanensa a ƙauyen, mu kwana a can ya ga dangi, ya zaga inda yake son zagawa da safe. Asabar mu wuce ta Pambeguwa da Saminaka mu isa Jos da rana. Wani abokin aikina ɗan Jos ya ce a harabar gidan tarihin, wanda aka buɗe tun 1952, akwai wurin da aka gina kwafin gine-ginen gargajiya, har da na masallacin Juma'ar Zariya irin ginin Babban Gwani, don haka za mu haɗa biyu. Lahadi da hantsi mu juyo. Ƙanwata za ta zo daga Kano da motar mijinta tunda ta fi tawa wurin miƙe ƙafa, yaron kuma na riga na ce ya share wayarsa ya samar da wuri.

Baba na Tudun Wada, in jikinka zai yarda, akwai kujera ɗaya a motar, kuma Baba ne da kansa ya ce a tambaye ka. In tafiyar ta yi nisa, ko ta Asabar ɗin nan ce mu biyo mu ɗauke ka zuwa tasha. Jikanka ya turo min saƙo ta akwatin sirri in ba shi lambata.

Tsohon Makanikin Loko (Tudun Wada):

Jos ta fi ƙarfina yanzu, ɗana, amma tasha zan je in Allah ya kai mu. Ku zo bayan ƙarfe goma, na gama shan magani. Ka ce wa mahaifinka ya zo da littafin nan, ni ma ina da hoton da aka ɗauke mu a gaban loko, mu duba ko yana ciki. Shi kuma yaron mai kyamara ya zo, akwai wasu mutum biyu a unguwarmu da suka yi aikin ba da hannu, zan aika a gaya musu.